Fi'ilin Exacerbate a Harshen Ingilishi: Asalinsa, Ma'anarsa, da Hukuncin da Yake Yankewa a Ɓoye

  Abin da na ɗauko in gabatar a gaban wannan majalisi fi'ili ne guda ɗaya tak daga cikin fi'ilan harshen Ingilishi, wato exacerbate, wanda duk mai karanta jaridun Turawa, ko rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya, ko takardun likitoci, ba ya daɗewa bai yi karo da shi ba. Ko da yake ƙamus yakan sallame shi da 'yan kalmomi kaɗan, ya ce ma'anarsa sa mugun abu ya ƙara muni, ni a ganina ƙarƙashin wannan gajeren bayani akwai wani hukunci da kalmar take yankewa ba tare da ta ɗaga murya ba, hukunci tsakanin wanda ya fara ɓarna da wanda ya tarar da ita ya ƙara mata, kuma wannan hukunci shi ne abin da ya fi saurin salwanta a hannun mai fassara idan yana gaggawa.

Al'adar malamanmu ce idan za su yi sharhin lafazi su fara da ishtiƙaƙinsa, to bari mu bi sawunsu. Kalmar ta fito daga Latin, harshen Rumawan dā, kuma gaɓa biyu aka haɗa: ex, wadda a nan take aikin mubalaga, da acerbus, siffar da Rumawa suke yi wa 'ya'yan itacen da aka tsinka tun ba su nuna ba, masu tsami da bauri, waɗanda ke kashe haƙori. Daga wannan ma'ana ta haƙiƙa suka ɗauke ta zuwa majazi, suka riƙa siffanta mutum mai kaushin hali da ita, da magana mai zafi, har da mutuwar yaro ko saurayi, domin shi ma a wurinsu an tsinke shi ne tun bai nuna ba. Tushen can na ƙasa, wanda ke nufin kaifi ko tsini, shi ne dai ya haifa wa Ingilishi acid da acrid da acerbic, har da rabin ƙarshe na vinegar, wanda asalinsa a Faransanci giya ce da ta yi tsami. Saboda haka a farkon al'amari wanda ya yi exacerbare ya zuba ɗaci ne a zuciyar wani, ya fusata shi.

Da wannan ma'ana ta fusatarwa kalmar ta fara zama a Ingilishi, kuma masdarinta ya riga fi'ilinta shiga. Daga cikin sanannun wuraren da masdarin ya bayyana da wuri akwai fassarar Sabon Alkawari da malaman Katolika na Ingila suka buga a birnin Rheims na Faransa a shekarar 1582, lokacin da suke gudun hijira, inda suka bi lafazin Latin sau da ƙafa wajen ambaton yadda Bani Isra'ila suka yi tsaurin kai a cikin hamada a zamanin Annabi Musa, alaihissalam. Su kuwa masu fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, da suka zo wannan wuri, sai suka zaɓi wata kalma da jama'a suka fi sani. Fi'ilin kansa sai wajen tsakiyar ƙarni na 17 ya bayyana a rubuce, kuma lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, ma'anar ɗaɗa ɗaci da fusatarwa ita ya fara kawowa, sa'an nan ya biyo da ƙara ƙarfin duk wata muguwar siffa. Wannan ma'ana ta biyu ita ce likitoci suka riƙe, suna kiran lokacin da zazzaɓi ya hau da exacerbation, suna kiran lokacin da ya sauka da remission, kuma daga bakin likitoci ta bazu zuwa ga masu maganar siyasa da tattalin arziki, waɗanda dama sun saba ɗaukar ƙasa tamkar jiki mai lafiya da rashinta. Yau ta farko ta kusa mutuwa, ta biyu ce ke mulki.

Mai tambaya yana iya cewa, me ya sa Turawa suke bukatar wannan doguwar kalma alhali suna da make worse, suna kuma da worsen? Amsar tana cikin tarihin harshen. Tun daga 1066, da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuma dama shi ne harshen coci da makaranta, Ingilishi na asali ya koma harshen gona da kasuwa. Har ya zamana ma'ana ɗaya takan sami lafazi biyu ko uku, kowanne da irin majalisin da ya dace da shi, kamar yadda malami a nan zai ce wafati inda wani zai ce mutuwa. Shi worsen ɗan gida ne, amma ya daɗe yana zaune a bakin mutanen karkara kafin marubutan farkon ƙarni na 19 su dawo da shi cikin littattafai. George Orwell, a cikin maƙalarsa ta 1946 a kan siyasa da harshen Ingilishi, ya yi wa marubutan zamaninsa tatas a kan gudun gajerun kalmomin gida da fakewa bayan na Latin da na Girka don a ce su masana ne. Na yarda da shi a mafi yawan abin da ya faɗa, kuma sau da yawa inda aka rubuta exacerbate da an rubuta make worse da ba a rasa kome ba. Sai dai kalmar tana da wasu sharuɗɗa nata na kanta da ya kamata a sani kafin a yanke mata hukuncin ado kawai.

Sharaɗi na farko na nahawu ne. Fi'ilin muta'addi ne, ba ya tsayawa sai da maf'uli. Ba a cewa rikici ya yi exacerbate a yi shiru, sai dai a ce wani abu ya yi wa rikicin haka. Idan ana son a ce abu ya lalace don kansa, to worsen ko deteriorate ake nema, kuma wannan kuskure na mai da muta'addi lazimi yana da yawa a rubutun ɗalibanmu da na 'yan jaridunmu na Turanci. Sharaɗi na biyu ya fi wannan zurfi: wajibi ne maf'ulin ya zama abin ƙi. Ana yi wa cuta, da talauci, da ƙarancin ruwa, da gaba tsakanin ƙabilu, da hauhawar farashi. Ba a yi wa lafiya, ko zaman lafiya, ko tattalin arziki, domin waɗannan abubuwa ne na alheri ko na tsaka-tsaki, ana cutar da su ne ko a raunana su. Wanda ya rubuta cewa cire tallafin mai ya yi exacerbate ɗin tattalin arziki ya ɗora fi'ilin a kan mara lafiya, alhali wurinsa a kan cutar ne. Ƙarfin wannan sharaɗi ya kai ga cewa idan aka sa kalma marar launi a gurbin maf'uli, kamar situation, nan take mai karatu ya san halin da ake ciki mummuna ne tun ba a gaya masa ba. John Sinclair na Jami'ar Birmingham, wanda ya jagoranci aikin ƙamusun Cobuild, ya nuna a littafinsa na 1991 cewa akwai fi'ilan Ingilishi da ba sa zama sai da mugayen maƙwabta, ya kafa misali da set in, wanda galibi ruɓewa da sanyi da yanke ƙauna ne ke yinsa. Namu fi'ilin yana cikin mafi tsananin wannan jinsi. Shi kuwa fa'ilinsa, galibi ba mutum ba ne: fari ne, ko yaƙi, ko wata doka, ko jinkirin hukuma. Ko da mutum ne, fi'ilin bai tabbatar masa da niyya ba, yana iya zama gyara ya zo yi.

Yanzu mun iso inda nake so mu daɗe. Duk wanda ya ce abu kaza ya yi exacerbate ɗin yunwa, ya faɗi magana biyu, ɗaya a fili ɗaya a lulluɓe. Ta fili ita ce yunwar ta ƙaru. Ta lulluɓe ita ce yunwar tana nan tun kafin wannan abu ya zo, saboda haka ba shi ne mafarinta ba. Hujjar cewa ta biyun a lulluɓe take ita ce korewa ba ta taɓa ta: ka ce bai yi ba, yunwar tana nan, ka mai da maganar tambaya, yunwar tana nan, mai sauraro ya karɓe ta ba tare da an ba shi damar musu ba. Malaman usulul fiƙhi, waɗanda suka ɓata shekaru suna rarrabe illa da sababi da sharaɗi, da malaman furu'a da suka rarrabe wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta daga nesa, su ne za su fi kowa saurin gane nauyin wannan bambanci, domin a kansa lamuni yake tsayawa ko ya faɗi.

A ɗauki yunwar Bengal ta 1943, lokacin da Indiya take ƙarƙashin mulkin Ingila kuma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta kashe mutane tsakanin miliyan 2 da miliyan 3. Japan ta kama Burma a 1942, shinkafar da ake kawowa daga can ta yanke. Guguwa da cutar shuka sun taɓa amfanin gona a ƙarshen wannan shekara. Hukumar mulkin mallaka ta kwashe jiragen ruwa na talakawa daga bakin teku don kada abokan gaba su amfana da su. Farashi ya yi tashin gwauron zabo. Gwamnatin Churchill a Landan kuma ta ƙi ba da jiragen dakon hatsi gwargwadon yadda aka roƙa. Amartya Sen, a littafinsa na 1981 a kan talauci da yunwa, ya kawo hujja cewa abincin da ke Bengal a 1943 bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba, kuma abin da ya kashe mutane shi ne rashin ikon saye. To, duk wanda ya bi muhawarar da masana tarihi suke yi har gobe a kan alhakin Ingila a wannan musiba zai ga cewa babban rabonta a kan zaɓen fi'ili take. Masu tuhuma suna cewa manufofin gwamnati su suka haddasa. Masu kariya suna cewa yaƙi da annoba suka haddasa, abin da za a iya ɗora wa gwamnati bai wuce exacerbate ba. Kalmar a nan ta zama amsa laifi rabi, irin wanda lauya yake ba wanda yake karewa shawara ya yi: na ƙara, amma ban fara ba.

Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. A wani wurin kalmar ita ce ta masu tsantseni, waɗanda ba sa son su faɗi abin da ya wuce hujjarsu. Masu binciken sauyin yanayi suna yawan amfani da ita, domin da wuya su iya cewa ɗumamar duniya ce ta haifar da wani yaƙi, amma suna iya nuna cewa ta ƙara wa matsalolin da ke akwai ƙarfi. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙudurinsa mai lamba 2349 na shekarar 2017 a kan yankin Tafkin Chadi, ya ambaci sauyin yanayi a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da ke taɓa zaman lafiyar yankin, tare da wasu; rahotanni da yawa da suka biyo baya kuma da wannan fi'ili namu suke bayyana dangantakar. Idan mai fassara a gidan rediyo ya mai da wannan ya ce sauyin yanayi ne ya haddasa rikicin, ko ya jawo shi, to ya canja shari'ar gaba ɗaya: ya ɗauke alhaki daga wuyan masu ɗauke da makamai, da masu mulkin da suka yi sakaci shekara da shekaru, ya ɗora wa sama da iska waɗanda ba a kai su kotu. Manomin Baga ko masuncin Diffa da ke sauraro ya ji wani abu dabam da abin da aka rubuta, kuma ba shi da hanyar sanin an canja.

Babban abokin tarayyar wannan fi'ili shi ne aggravate, wanda shi ma daga Latin yake, daga gravis, wato mai nauyi. Ɗaya yana ƙara ɗaci, ɗaya yana ƙara kaya. A maganar yau da kullum ana musanya su ba tare da asara ba, amma shari'a ta keɓe aggravate ta riƙe. Da shi ake kiran abubuwan da ke nauyaya laifi har horo ya ƙaru, kamar shiga gidan mutum da makami, kishiyar abubuwan da ke sassauta shi. A shari'ar Rookes da Barnard ta 1964, Lord Devlin ya rarrabe diyyar da ake ƙara wa wanda aka zalunta saboda wulaƙancin da ke cikin yadda aka zalunce shi, wadda ake siffantawa da aggravated, da wadda ake ɗora wa azzalumi don horo da gargaɗi. Ɗalibin fiƙhu ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ya san taglizi: ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani cewa akan kausasa diyya a kan uban da ya jefi ɗansa da ƙarfe ya kashe shi, ta zama raƙuma 100 da 40 daga cikinsu masu ciki ne. Larabci ya ɗauki kauri, Latin ya ɗauki nauyi, manufa ɗaya.

Amma aggravate yana da wata ma'ana ta biyu, wato ɓata wa mutum rai, wadda aka same ta a rubuce tun 1611, kuma duk da wannan tsufa nata masu gyaran harshe suka yi ta yaƙar ta. John Stuart Mill ya kushe ta a littafinsa na manɗiƙi, yana ganin ta maganar ɗakin renon yara ce da ta kutsa cikin littattafai, H. W. Fowler ya bi bayansa a 1926. Jama'a kuwa ba su fasa ba, kuma Charles Dickens, wanda kunnensa yake kasuwa, ya sa wani ɗan aike a cikin A Tale of Two Cities na 1859 yana yi wa matarsa laƙabi da wannan kalma a karkace. Ina zaton wannan doguwar jayayya tana cikin abin da ya tura marubuta masu taka tsantsan zuwa ga exacerbate, wanda ba a jin tsoron a fahimce shi ta fuska biyu. Abin mamaki kuwa, shi ma da ma'anar fusatarwa ya faro, ya yar da ita a hanya, ɗan'uwansa kuwa ya riƙe ta.

Akwai fage guda da aka raba su rabuwa ta sosai, kuma kuɗi ne suka raba su. A littafin da Ƙungiyar Likitocin Amurka take fitarwa don auna nakasar ma'aikata, wanda kotunan diyya suke dogara da shi, exacerbation tashin ciwo ne na ɗan lokaci wanda zai kwanta ya koma yadda yake, aggravation kuwa ƙaruwa ce ta dindindin. Leburan da dama yana da ciwon baya, ya ɗaga kaya a wurin aiki ciwon ya motsa, abin da zai samu ya danganta da wacce daga cikin kalmomin biyu likita ya rubuta. Haka kuma likitocin ƙirji sun yi wa kalmar iyaka: Anthonisen da abokan aikinsa a 1987 sun auna tashin cutar toshewar huhu da alamomi uku, ƙaruwar haki, da ƙaruwar majina, da juyewarta zuwa ruwan ɗiwa.

Sauran maƙwabta ba sa bukatar dogon tsayi. Exasperate, daga asper mai nufin kaushi, mutane ake yi wa, wato a ƙure haƙurinsu, kuma kamannin sauti ne kawai ke sa a rikita shi da namu. Escalate jariri ne, daga sunan matakalar lantarki aka yanko shi, ya yi tashe a zamanin barazanar makaman nukiliya, kuma yana nufin hawa mataki-mataki. Compound yana nufin ɗora wata matsala a kan wata, ko da yake a tsohon harshen shari'a compounding laifi yana nufin karɓar wani abu a yi sulhu a fasa ƙara, ma'anar da har yanzu take cikin dokokin Nijeriya, kuma lauya ne kawai ke tuna ta.

To, da me za mu juya shi zuwa Hausa? Haddasa da jawo da haifar da, mun riga mun kore su. Tsananta ita ce ta fi aminci, musamman idan aka sa mata ƙara a gaba, domin ƙara ita ce ke ɗauke da shaidar cewa abin yana nan tun dā. Ta'azzara, wadda kafofin labarai suka fi so yanzu, asalinta a Larabci lazimi ce, tana nufin abu ya yi wuya har ya gagara. Hausa ta ba ta damar ɗaukar maf'uli, ba laifi, amma tana kai magana ƙarshen tsanani, alhali fi'ilin Turancin bai faɗi gwargwadon ƙaruwar ba, tana iya zama kaɗan. Dagula ta dace da siyasa da sulhun da ya rikice, ba ta dace da yunwa ba. Rura wuta ta dace da gaba da fitina, sai dai tana jingina wa mai yin niyya, abin da muka ce Turancin bai yi ba. A bakin likita kuwa, wanda yake gaya wa mai ciwon fuka abin da ƙurar hunturu take yi masa, ba abin da ya kai tayar da: ƙura ba ta sa maka fuka ba, tana tayar maka da ita, kuma mara lafiya ya fahimci cewa za ta kwanta, daidai da abin da littafin likitocin Amurka yake nufi.

Na bar fama a ƙarshe don ita ce ta fi kusa da ruhin kalmar. Ba a fama lafiyayyar fata. Wanda ya fama maka ciwo ba shi ya ji maka shi ba, kuma galibi bai yi da gangan ba, sharuɗɗan nan uku duka sun taru a cikin gaɓa biyu. Amma tana da iyaka biyu da ke hana ta zama fassara ta kullum. Fami yakan nuna rauni ya fara warkewa ko an fara mantawa da shi, alhali exacerbate yana shiga ko da wutar tana tsakiyar ci. Sa'an nan fami taɓawa ce guda, ta lokaci ɗaya, ba ta ɗaukar abin da ke ƙaruwa a hankali shekara goma kamar kwararowar hamada. Saboda haka a labarin jawabin wani shugaba da ya tono tsohuwar gaba tsakanin al'ummu biyu, mai fassara ya ce ya fama tsohon miki. A rahoton farashin hatsi bayan ambaliya kuwa, ya ce ambaliyar ta ƙara tsananta tsadar da ake fama da ita.